Ina kukan mutanen da ban sani ba, amma na kasa shiga gidan maƙwabciyata

Takardar wannan mako ta fito ne daga wata mai ɗinki a unguwar Garin Malam, nan cikin Damagaram. Ta roƙa a sakaya sunanta. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Inna, ina gaisuwa. Shekarata 31, ƴaƴana uku, ina ɗinki a gida. Tun daren da aka turo mini bidiyon gobarar tankar mai ta garin Majiya, a Jigawa ta Najeriya, a WhatsApp ban koma daidai ba. Na kalle shi sau ba adadi. Daga nan duk labarin hatsari, ko ambaliya, ko harin da aka kai wani ƙauye, sai na bi shi, na kalli hotunan, na kwana ina kuka. Da na rufe ido nake ganinsu. Abinci ba ya shiga, keken ɗinkin ma sai in zauna a gabansa in kasa taka shi. Maigidana ya ce ai ba dangina ba ne, wasunsu ma su suka ja wa kansu. Uwar mijina ta ce ƙarancin tawakkali ne, in yi istigfari. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan: wata biyu ke nan da aka aiko wa maƙwabciyarmu, wadda katanga ɗaya ta raba mu, cewa ɗanta na fari ya rasu a hanyar Jado, wurin haƙar zinariya. Motarsu ce ta lalace a sahara, can aka rufe shi. Na shiga ranar farko tare da mata, na yi gaisuwa, na fito. Daga ranar ban sake leƙawa ba. In na hango ta a bakin pampo sai in koma ciki. Ban san abin da zan ce mata ba, ina kuma tsoron in fashe da kuka in ƙara mata. Yanzu kunya ta rufe ni gaba ɗaya. Inna, wace irin zuciya ce wannan, mai kukan na nesa tana gudun na kusa? Ko munafunci ne?"

Ɗiyata, ina amsawa. Sau biyu na karanta takardarki kafin in ɗauki alƙalami.

Ba munafunci ba ne. Munafuki ba ya rasa barci saboda mutanen da ba za su taɓa sanin ya yi musu kuka ba. Zuciyarki lafiyayya ce, nauyi ne aka ɗora mata wanda ya fi ƙarfinta, kuma da hannunki kike ƙara shi kowane dare. Zan zo kan wannan. Bari in fara da maganar mutanen gidanki, tunda da su kike kwana kike tashi.

Uwar mijinki ba ta nufe ki da sharri ba. Mutanen zamaninsu da haɗiye kuka aka raine su, har mace ta rasa ɗan fari ta danne hawaye don kunya, a yaba mata. Kada ki yi musu da ita. In ta ce ki yi istigfari ki ce to, ki yi, istigfari bai taɓa cutar da kowa ba. Sai dai ki riƙe wannan a ranki: ranar da Ibrahim, ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake kan gargara, idanun Annabi sun zubar da hawaye, har Abdurrahman ɗan Aufu ya yi mamaki ya tambaye shi. Sai ya ce masa wannan rahama ce, ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi da jayayya da hukuncin Allah. Ban ga ko ɗaya a takardarki ba. Duk duniya babu wanda ya kai shi tawakkali, kuma ya yi kuka.

Shi kuma maigidan naki da ya ce ba danginki ba ne. An taɓa wucewa da gawa ta gaban Annabi sai ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai ta Bayahude ce. Ya ce, ba rai ba ne? To balle Majiya, da take nan Jigawa a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja. Daga Magarya ko Dungas taku nawa ne zuwa ƙasar Jigawa? Gida nawa ne a Birni ko Zango da ba su da ƴar'uwa da ke aure a Gumel ko Maigatari? Mutum sama da 150 aka rasa a daren nan na watan Oktoban 2024, aka jera su a kabari ɗaya, da yawansu ba a iya gane fuskarsu ba. Yarenmu suke yi, sunayenmu ne sunayensu. In zuciyarki ta ɗauke su dangi ba ta yi kuskure ba.

Ɗaya maganar tasa ce ta fi tsaya mini, wato "su suka ja wa kansu", domin na taɓa jin ta a wani wurin kuma har yau ba ta bar ni ba. A ƙarshen Oktoban 2013 ina aikin ungozoma a yankin Matamaye sai labari ya zo cewa an tsinci gawar mutum 92 a sahara, arewa da Arlit, dab da iyakar Aljeriya. Yara 52, mata 33, maza 7. Motocinsu ne suka lalace a hanyar Tamanrasat, ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu mutanen ƙasar Kance ne, wato mutanenmu. Gwamnati ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya. Amma tun makokin bai ƙare ba na riƙa jin ana cewa a tasha da kasuwa: me ya kai su? Bara ce kawai, kwaɗayi ne, mazansu ne ba sa tsawata musu. Ni kuwa na san matan yankin nan, a hannuna da yawansu suka haihu. Na san gonar da kaka ya bari wadda aka yi ta yankawa tsakanin ƴaƴa da jikoki har ta koma ba ta cika rumbu ɗaya. Na san gidan da hatsinsa ke ƙarewa tun sanyi bai wuce ba, ga damina da saura wata huɗu. Mace ba ta goya jaririnta ta hau bayan mota ta shiga sahara don kwaɗayi. Yunwar gida ce ta fi ta tsoron hanya.

Haka na Majiya. Tun da aka janye tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta kai wajen naira 1,000. Saurayin da ya ga mai yana malala a kwata ya ruga da bokiti, kuɗin abincin mako ya hango. Mu ma an yi mana irinta a Yamai a watan Mayun 2019, kusa da filin jirgi, mutum sama da 50 suka tafi. Gaskiya ne kusantar tankar da ta faɗi ganganci ne, kuma wajibi ne ki zaunar da ƴaƴanki ki faɗa musu: in kun ga motar mai ta kife, ku gudu, ko da kun ga manya suna ɗiba. Wannan gargaɗi ne ga mai rai. Wanda ya riga ya tafi kuwa addu'a ce haƙƙinsa, uwarsa kuma tana nan tana jin abin da ake faɗa.

Duk da haka kada ki ɗauki mijinki marar tausayi. Na lura sau da yawa mai cewa "su suka ja" tsoro ne ke cinsa. In laifin mamaci ne, to ni da ba na yin irin laifinsa na tsira, haka zuciya take lallashin kanta. Kuma namiji a garin nan ba a ba shi wurin da zai ce abu ya taɓa shi, a fada dariya za a yi masa. Ina kyautata zaton shi ma ya ga bidiyon nan. Wata rana in kun keɓe ki tambaye shi a hankali, ba da sigar gardama ba, ko ya gani, kuma yaya ya ji. Kina iya shan mamaki.

Yanzu ga inda ba na tare da ke. Maimaita kallon nan ba tausayi ba ne, ko da yake kama da shi yake yi. Kina jin kamar in kin kau da kai kin ci amanarsu, kin bar su su kaɗai. Amma kallonki na ashirin bai rage wa kowa zafin wuta ba, bai kai wa marayu ko tiya ɗaya ta hatsi ba. Ke kaɗai yake ƙonawa.

Ki duba yadda labarin mutuwa yake zuwa mana a da. Ɗan aike ne zai yi sallama, ko a ji sanarwa a rediyo, sau ɗaya. Ka yi Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Mace ta ɗauki mayafinta, namiji ya sa hularsa, a taka a je. A zauna a tabarma, a ce ya haƙuri, a amsa, a yi addu'a, a shafa fatiha, a tashi. Baƙin cikin yana da ƙofar shiga, yana da ta fita, kuma ba kai kaɗai kake ɗauke da shi ba. Addini ma ya sa wa zaman makoki iyaka, kwana uku, sai mai takaba da aka ba wata huɗu da kwana goma. Ba wai ciwon yana warkewa a kwana uku ba ne, a'a, an dai tausaya wa mai rai ne, an ce masa tashi ka koma cikin mutane. Salula kuwa gawa take kawo miki har kan gado, tsakar dare, ba tabarma, ba wanda za ki ce wa ya haƙuri, ba fatihar tashi. Kafin ki gama da ta Majiya ta kawo ta Tilaberi, kafin wannan ta lafa ta kawo ta Gaza ko Sudan. Makoki kike zaune wanda ba a tashi daga shi.

Kin tuna daminar 2024, wadda ta ci rayuka sama da 300 a ƙasar nan, da ranar 3 ga Satumba da tsohon masallacinmu na Birni ya zube? Tun tsakiyar shekarun 1800 yake tsaye, ya ga damina wajen 170. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ginin laka yana jure ruwa matuƙar zai samu rana a tsakani ya sha iska. Ruwa bisa ruwa ne ba ya jurewa. Tun Oktoban 2024 ba ki bar zuciyarki ta sha iska ba ko na mako guda.

Jiki kuma ba ya rarrabe abin da ido ya gani a gilashin waya da wanda ya gani a gabansa yadda muke zato. Duk kallo sai gaba ya faɗi, zuciya ta buga, barci ya gudu, kamar yau abin ya faru. A aikina na ga mutuwa da yawa, ta uwa da ta jariri, amma ni hannuna yana da abin yi: in tsai da jini, in kira likita, in rufe, in wanke hannu, in fita in gaya wa dangi. Wannan aikin hannun shi ya riƙe ni shekaru. Ke kina gani ne hannunki a ɗaure.

Akwai kuma haƙƙin su waɗanda ke cikin hoton. Mu mutane ne masu suturta gawa. Mai wanka ma an hore shi da ya rufe abin da ya gani, likkafani kuma ba don ado ake sa shi ba. Waɗancan da kike kallo ƴaƴan wasu ne, an ɗauke su a lokacin da ba za su iya cewa a rufa musu asiri ba, yanzu suna yawo daga waya zuwa waya ana kallo ana shan shayi. Wannan ɗabi'a ta ɗaukar hoton mai hatsari kafin a miƙa masa hannu tana cikin abubuwan da suka fi ɓata mini rai a zamanin nan. Goge bidiyon nan suturta su ne. Ki goge shi yau, da sauran. Ki shiga saitin WhatsApp ki kashe saukar hotuna da bidiyo da kansu, in ba ki iya ba yaron unguwa zai yi miki a minti biyu. A zauren matan da kike ciki ki rubuta da ladabi cewa don Allah a daina turo hoton gawa, za ki tarar da yawa suna so su faɗa sun rasa mai farawa. Wasu bidiyoyin ma tsofaffi ne, ko na wata ƙasa, ake sake liƙa musu sunan garin kusa.

Ban ce ki toshe kunne daga duniya ba. Ki saurari labarai a rediyo sau ɗaya, da safe. Abin da kika ji na rashi ki riƙe sunan garin, bayan salla ki ambace shi ki yi musu addu'a, ki shafa, ki tashi. Dala ashirin ko hamsin ɗin da kike zubawa a mega ta dare ki mayar sadaka da niyyar Allah ya kai ladan gare su. Bayan lisha wayar ta kwana a wani ɗaki.

To, maƙwabciyarki. Ita ce ainihin takardarki, sauran duk hanya ce ta isowa gare ta.

Kin tambaya me ya sa kukan na nesa ya fi sauƙi. Domin na nesa ba sa kallonki. Ba za su tambaye ki komai ba, ba za ki yi musu kuskuren magana ba, in kin gaji sai ki kife wayar. Ita kuwa tana da ido, kuma a idon nan kanki kike gani: uwa mai ƴaƴa, katanga ɗaya, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Tun 2014 da aka gano zinariya a Jado samarin garin nan suke bin hanyar Tanut da Agadas suna shiga sahara, kowace uwa mai ɗa namiji ta san wata rana nata zai iya zuwa ya durƙusa ya ce Inna a sa mini albarka zan tafi nema. Tsoron nan ne yake mayar da ke ciki in kin hango ta, ba taurin zuciya ba.

Amma zan faɗa miki abin da ba za ki so ji ba. Ta gan ki. Duk lokacin da kika juya daga bakin pampo ta gani, kuma ba ta san tausayi ne ya juya ki ba.

Na san haka ne domin na zauna a inda take zaune. Da maigidana ya rasu gida ya cika har ƙofar zaure, kwana uku ba masaka tsinke. Bayan sadakar bakwai aka ragu. Bayan arba'in sai ni da bango. A cikin takabar nan na haddace duk wanda ya daina shigowa, har da waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya. Na yi ta bincikar kaina ko na yi musu wani laifi, wani lokaci har in ce ko gani suke mutuwa tana bin gidana. Sai bayan shekaru wata ta faɗa mini cewa kasa kallon idona ta yi. Na yafe mata da zuciya ɗaya, amma da ta san yadda na buƙace ta a watannin nan da ta zo ko da bakinta a rufe.

Wadda ta zo wata dattijuwa ce mai ƙuli-ƙuli a bayan layinmu, ba ma wata shaƙuwa muka yi ba. Bayan la'asar za ta yi sallama da tiren gyaɗa, ta zauna a gefen tabarmata ta ce, taya ni ɓara. Shi ke nan. Mu yi ta ɓarar gyaɗa har a kira magariba, wata rana ba za mu yi magana goma ba. In hawaye ya zo mini ba ta cewa in daina, ba ta kuma tsai da hannunta. Ɗaruruwan mutane sun yi mini gaisuwa, malamai sun yi nasiha mai kyau, Allah ya saka musu, amma yau in kin tambaye ni kalma ɗaya daga ciki ba zan iya kawowa ba. Ƙarar ɓawon gyaɗar nan kuwa tana kunnena. Allah ya jiƙanta, ta riga mu gidan gaskiya.

Saboda haka ki sauke wa kanki nauyin neman abin faɗa. Babu kalmar da za ta dawo mata da ɗa, ita ma ta sani, ba ta jiran ki zo da ita. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take ba su ce a baki ba.

Wata biyun da kike ganin kin makara, shi ne daidai lokacin da ake buƙatarki. Masu gaisuwa sun watse, dangin ƙauye sun koma, kowa ya kama harkarsa, yanzu ne gidan ya yi mata faɗi. Kuma rashinta yana da wani ɗaci na daban. Ba ta ga gawa ba. Ba a yi masa wanka a gidanta ba, ba ta ga an fita da makara ta zaure ba, labari kawai aka kawo mata a baki. Uwar da aka yi wa haka rabin zuciyarta yana karɓa, rabi yana jiran sallama. Za ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida gabanta ya faɗi. In ta ce miki ta yi mafarkin ya dawo, ko ta ce wani lokaci ji take kamar kuskure aka yi, kada ki gyara mata zance, kada kuma ki ƙara mata fata. Ki ce Allah sarki, ki saurara. Wataƙila kuma tana tuhumar kanta, ko ita ta sa masa albarka, ko akuyarta aka sayar aka yi kuɗin mota. In ta buɗe wannan ƙofar ki ce mata neman halal ya fita don ya rufa mata asiri, kuma kwanansa ne ya ƙare a can.

Ga abin da za ki ce in kin yi sallama, ba sai kin ƙawata ba: "Iya, na yi laifi. Zuciyata ce ta kasa ɗauka shi ya sa ban shigo ba, ba don ban damu ba. Ki yafe mini. Ya ƙarin haƙuri?" Ki tsaya nan. Kada ki tsawaita ban-haƙurin har ya zama ita ke lallashinki. In kuka ya zo ki bar shi ya zo, hawayen da aka zubar a natse ba ya ƙara wa mai rashi ciwo, yana nuna mata ne cewa ɗanta ya isa a yi masa kuka. Abin da ke ƙara ciwo shi ne a ce mata ai kina da sauran ƴaƴa, ko da bai tafi ba, ko ki manta. Kada ki tambayi yadda ya cika, ko kwana nawa suka yi ba ruwa. Kada kuma ki shigar mata da Majiya ɗaki, ko ki ce wasu ma nasu ya fi. Ɗanta guda ne a wurinta, ba a auna shi da adadi.

Ki ambaci sunansa. Mutane suna gudun sunan mamaci a gaban uwarsa don kada su tuna mata, alhali ba ta manta ba ko na ƙiftawar ido, tsoronta ma kada kowa ya manta ya bar ta ita kaɗai da shi. A gabanki yaron nan ya yi wayo. In ya taɓa ɗauko miki jarkar ruwa, ko kin taɓa ɗinka masa rigar Salla, ko akwai yadda yake gaishe ki da ya tsaya miki a rai, ki faɗa mata. Wannan kyauta ce da babu mai iya ba ta sai wanda ya san shi.

Kada ki je hannu sake. Da labarin shahadar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya zo daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi cewa ya yi a yi wa iyalan Ja'afar abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya same su. Mu mun juya abin, gidan mutuwa ne ke ɗora tukunya ya ciyar da masu gaisuwa har a ci bashi, wannan kuwa ban taɓa yarda da shi ba. Ki dama fura, ko ki yi dambun zogale, ki kai. A garin nan da kowa ya san darajar ruwa, ki biya ɗan ga-ruwa ya sauke mata jarka biyu ba tare da kin yi shela ba. In shi ne mai tallafar gidan, to bayan baƙin ciki akwai rami a tukunya, kuma ba za ta faɗa ba. Ki duba ƙannensa, in kayan lakwal ɗinsu sun yage kina da keke. Mijinki ma ga inda zai shigo: ki roƙe shi ya riƙa tsayawa wurin mahaifin yaron bayan sallar magariba, ko minti biyar.

Sa'an nan ki tsai da rana, ko Litinin da Alhamis, ki riƙa shiga. Zama gajere da ake maimaitawa ya fi wuni guda da ba a komawa. In wata rana kin tarar ba ta son mutane, ki ajiye kwanon ki fito, ki dawo ranar da kika saba.

Saura lafiyarki, kuma wannan ba na so ki ɗauke shi da wasa. Rashin barci da rashin cin abinci da kasa aiki na tsawon watanni ya wuce a ce a bari ya wuce da kansa. Ki je asibiti a auna jininki, a duba hawansa da ƙarancinsa, domin su ma suna kawo faɗuwar gaba da kasala. In kin shiga wurin likita kada ki ce ciwon kai kawai, kamar yadda mata suka saba. Ki faɗa masa yadda kika faɗa mini: abin da kika kalla, abin da kike gani in kin rufe ido, da tun yaushe. In ya tura ki wurin masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ki je, ba hauka ba ne, ciwo ne da aka sani kuma ana warkewa. Addu'a da azkar ki riƙe su, ba sa faɗa da magani. Kada ki sayi ƙwayar barci a hannun masu yawo da magani a tire. In kuma wata rana kika ji rayuwar ta fita daga ranki, ko tunanin cutar da kanki ya zo miki, a ranar za ki faɗa wa mijinki ko wata babba da kika amince da ita a kai ki asibiti, ba sai gobe ba. Shi maigidan, maimakon ki nemi ya fahimci kukan, ki roƙe shi abu guda bayyananne: ya kai ki asibiti ranar kaza. Maza da yawa sun fi iya nuna kulawa in an ba su abin yi.

Ki shiga wurinta gobe da hantsi, bayan yara sun tafi lakwal maza sun fita, lokacin ne gida yake yin tsit. Ki bar wayar a ɗaki. Ki ɗauki furar, ki haɗa da ɗinkin hannu, ko kalmasa ko sa maɓalli, wanda za ki iya yi a zaune. In kun gaisa ta yi shiru, ki zauna a gefen tabarmar ki zura zare a allura.